Ko Hanci Ɗaya Bai Karye Ba

Ranar da aka kawo rahoton, Sufeto ko shayinsa bai kurɓa ba. Ya dai zauna ke nan, ya gyara ɗan matashin da yake tokare bayansa da shi saboda ciwo, sai ga Saja ya faɗo ofis yana haki. Wai an tsinci gawar tsohon nan mai sassaƙa fuskoki a jikin dutse, wanda ake ce wa Mai Fuska, a rumfarsa ta bayan kasuwa, kansa a fashe.

Sufeto ya lumshe ido. Saura masa 'yan watanni ya ajiye kaki, kuma Allah ya sani ya gaji. Ya gaji da gawa, ya gaji da koke-koke, ya gaji da mutanen da ke fara rantsuwa tun kafin a tambaye su komai. Ya mayar da ƙafarsa cikin takalmi, ya ce a kawo mota. Motar kuwa sai da aka tura ta, kamar kullum.

Tun a hanya Saja ya gama binciken duka da baki. Ai an ma kama mai laifin, in ji shi. Ɗan marigayin ne, wani direban tifa da ake kira Dogo. Jiya da yamma maƙwabta sun ji shi yana ɗaga wa uban murya, yana rantsuwa sai ya farfasa duwatsun nan kakaf. Yau da safe kuma aka same shi durƙushe a kan gawar, rigarsa jage-jage da jini. Oga, shugaban ofishinsu, ya ce a haɗa fayil kafin a tashi aiki, gobe a miƙa Dogo kotu da tuhumar kashe mahaifinsa.

Sufeto ya ce to. Musu da Saja ma aiki ne.

Rumfar ta kwano ce, daɓenta siminti, farar ƙurar dutse ta rufe komai har agogon bango. An riga an ɗauke gawar, sai jinin da ya bushe kusa da bencin aiki. Katakan da ake jera fuskokin a kai rabinsu babu komai, don fuskokin na ƙasa, warwatse ko'ina: tsofaffi masu kumatu, wani mai dariya ba haƙori, wata mai harara. Duwatsun rafi ne, kowanne an bi surarsa an fito masa da ido da baki.

Saja ya buɗe hannu ya ce ga shi nan, yadda yaron ya yi alkawari haka ya aikata.

A bakin ƙofa wani dattijo na zaune kan dutse, hannayensa manya sun rataya tsakanin gwiwoyinsa. Ƙanen marigayin ne. 'Ya'yan gidan na ce masa Baffa, sai duk kasuwa ta ɗauka.

"Kai ma sassaƙa kake yi?" in ji Sufeto.

"A'a, ranka ya daɗe. Ni ɗauko dutse nake yi daga rafi, in yi shara. Yaya ne mai aikin."

"Ina kake da safe?"

"Rafi. Na dawo na tarar da mutane."

Sufeto ya juya zai shiga ciki, bayan nan nasa ya soke shi, ya kai hannu ya dafa benci. Gwiwar hannunsa ta ture wata 'yar fuska da ba a gama ba. Ba wani tsawo ta faɗo ba, amma tana taɓa siminti hancinta ya ɓalle, ya gangara gefe. Baffa ya runtse ido kamar shi aka taka.

Sufeto ya tsaya yana kallon guntun hancin. Sannan, duk da bayan, ya tsuguna ya shiga bin fuskokin da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tana kan tsohon buhu. Waccan tana kan tarin yashi. Wata ta kwanta a kan ƙeyarta, wata a kan kumatu. Ya duba simintin, babu tabon faɗuwar abu mai nauyi.

"Saja, nemo mini hanci ɗaya da ya karye, ban da wanda na karya."

Saja ya zaga, ya sake zagawa, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce ƙila duwatsun ne masu ƙwari. Sufeto ya nuna masa guntun da ke ƙasa da bakin takalminsa.

Kafin su fita idonsa ya faɗa kan wata fuska a ƙarshen benci, zaune a kan buhun yashi. Tsohuwa ce mai ɗan tabo a gira, bakinta kamar za ta yi magana ta fasa. Duk rumfar ita kaɗai ce ba ƙura a jikinta. Ya taɓa ta, ya ji sanyi, da 'yar lema a lungun kunnenta. Ya goge yatsansa a wando, ya ce a bar ɗan sanda ɗaya a ƙofa, kada a taɓa komai.

A ɗakin ajiye gawa likitan bai ja zance ba, shi ma da alama a gajiye yake. Ya ce bugu ɗaya ne a gefen kai, da abu mai nauyi, mai santsi, ba guduma ba, kuma da sanyin safiya abin ya faru. Sufeto ya yaye mayafin ya duba hannayen marigayin. Ya juya su, ya danna tafin da babban yatsansa. Laushi gare su kamar na akawu. Babu kanta, babu tsaga, ƙarƙashin faratan ma tas.

Ya tuna hannayen da ya gani rataye a bakin rumfa, ya ji gajiyar ta ƙaru masa.

Da suka koma ofis, wata mata na zaune a ƙasa a bakin baranda, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Matar marigayin ce, uwar Dogo. An ba ta benci ta ƙi. Ba ta kuka, ta dai kafa wa ƙofar sel, ɗakin da aka tsare ɗanta, ido. Sufeto ya wuce ta da sauri, don irin wannan kallon ya fi kuka damunsa.

Dogo dogon ne kuwa, sai da ya sunkuya ya shigo ɗakin tambaya. Da farko ya ce shi bai yi faɗa da kowa ba. Sufeto ya ce masa rabin kasuwa ta ji shi, ya taimaka kada ya ƙara masa ciwon kai. Sai ya amsa, e, ya ɗaga murya, e, ya ce zai farfasa duwatsun. Amma a kan me? Nan ya ja baki ya tsuke.

"Gobe kotu za a kai ka. Ka san hukuncin wanda ya kashe ubansa?"

"Na sani."

"To a kan me kuka yi faɗa?"

"Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, yallaɓai."

Sufeto ya tashi ya fita, ya je ya zauna a ƙasa kusa da uwar, abin da gwiwoyinsa ba su gode masa ba. Ya yi mata gaisuwar rashi. Sannan ya ce mata a hankali, mijinta ya riga ya tafi, sirrinsa ba zai ƙara masa komai ba, amma zai iya tafiya da ɗanta.

Ta ce shekaru ke nan hannun maigidan na rawa. Ita ke ɓalla masa maɓallin riga, ita ke riƙe masa kofi. Ga tari da ƙurar rumfar ta saka masa, kullum ƙaruwa yake. Dogo ya yi ta roƙonsa ya bar zuwa rumfa, ya yarda a kai shi asibiti, shi kuwa ya ce ranar da mutane suka san Mai Fuska ba ya iya riƙe guduma, ranar ya mutu. Shi ya sa ya rantsar da su. Faɗan jiya ke nan. Yau kuma yaron ya je da motarsa ne don ya ɗauke shi ko da tsiya, sai ya tarar da abin da ya tarar.

"To wa ke yin fuskokin, Inna?"

Ta gyara mayafinta. "Shi dai alamarsa yake sawa a bayan kowacce. Da ƙyar ma yake yin wannan ɗin." Sufeto bai matsa mata ba.

Oga ya leƙo ta taga ya nuna masa agogo. Sufeto ya yi kamar bai gani ba, ya ce a sake tura mota.

Dillalin da ke saye a hannun marigayin yana da shago mai gilashi a babban titi, ciki sanyi kamar firji. Fuskokin dutse a jere ƙarƙashin fitilu, an goge su suna ƙyalli. Mutumin ya tarbe su da fara'ar da ta yi yawa, ya ce ai labarin ya girgiza shi, rabonsa da tsohon an kwana biyu.

Sufeto ya dubi takalmansa. Baƙaƙe ne masu tsada, an goge samansu, amma farar ƙura ta maƙale a ɗinkin gefe. Ya dubi nasa takalmin, ƙurar iri ɗaya ce. Sannan ya dubi tsakiyar shagon, inda aka kafa wani teburi da jan ƙyalle, aka saita masa fitila, babu komai a kai.

"Wa ake jira a nan?"

Fara'ar ta ragu. Dillalin ya yi 'yan kame-kame, Saja ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, sai gaskiya ta fito. Ya je rumfar jiya da rana, ya ɓoye ne don tsoron a shafa masa laifi. Akwai wata fuska da ya daɗe yana gani a lulluɓe a lungu, ta wata tsohuwa, bai taɓa ganin aiki kamarta ba. Jiya Mai Fuska ya yarda ya ba shi ita, za a yi baje koli da sunansa. Tsohon ya ce masa ya dawo yau, zai sa mata alamarsa da safe.

"Wa ke wurin da kuka yi maganar?"

"Ba kowa. Sai ƙanen nan nasa, yana shara."

"Me ya ce?"

"Shi? Ai ba ya magana. Ya dai tsaya da sharar."

A mota Saja ya so ya fara sabon bincike da baki, wai dillalin ne. Sufeto ya ce masa don Allah ya bar shi ya ji da bayansa. Gaskiya ba bayan ba ne. Ya riga ya san inda za shi, kuma ba ya son zuwa.

La'asar ta yi lokacin da suka koma rumfar. Baffa na nan a kan dutsen da suka bar shi, kamar bai motsa ba. Sufeto ya ce ya shigo ciki ya tsaya, za a kwashi kayan shaida a gabansa.

Ya nufi ƙarshen benci ya ɗaga tsohuwar. Nauyinta ya fi yadda ya zata. Ya juya bayanta, sai ga wani karce a karkace, an fara shi ba a gama ba, layin ya yi ta lanƙwasa irin na hannun da ke rawa. A cikin karcen akwai ɗan ja-ja da ruwa bai kai gare shi ba. Ya sake juyo da fuskar, ya dube ta, ya dubi Baffa. Haɓa iri ɗaya, girar ma haka.

Ya yi nishi, ya ce wai, wannan abu zai ƙarasa masa baya. Ya sunkuya da ita, fuskarta na kallon ƙasa, kamar zai dire ta a kan siminti, yana ce wa Saja ya zo ya wurga ta bayan mota.

Bai san dattijon na da irin wannan saurin ba. Kafin dutsen ya kai ƙasa manyan hannayen nan sun tallabe shi.

"Ba a kifa ta," in ji Baffa.

Ya jawo wani buhu da ƙafa, ya ninka shi da hannu ɗaya, ya kwantar da ita a kan ƙeyarta, ya ɗan karkata ta yadda hancin ba zai taɓa komai ba. Duk cikin ƙiftawar ido ya yi, ba tare da tunani ba. Sai da ya ɗago ya ga Sufeto ba shi yake kallo ba, sauran fuskokin da ke ƙasa yake kallo. Shi ma ya bi su da ido.

"Haka ka kwantar da su duka," in ji Sufeto. "Ɓarawo ba ya shimfiɗa wa dutse buhu. Mai fushi ma ba ya yi."

Baffa ya zauna daɓas a ƙasa kusa da tsohuwar.

Da ya fara magana, a hankali ya yi ta, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce tun da hannun Yaya ya fara rawa shi ke yin aikin, daga fasa dutse har buɗe ido. Yaya ya sa alama, a kai shago, a yi ta yabon Mai Fuska. Bai taɓa damuwa ba, wallahi bai taɓa ba, don Yaya ne ya koya masa riƙe guduma, kuma shi bai iya magana da masu saye ba. Amma wannan ɗayar ba ta sayarwa ba ce. Mahaifiyarsu ce. Ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, shi kuma ya lura kamanninta sun fara ɓace masa. Sai ya samo dutsen, ya riƙa yi kaɗan-kaɗan in an tashi aiki. Ranar da ya tuna yadda bakinta yake, ya yi bakin. Ranar da bai tuna komai ba, ya lulluɓe ta ya tafi gida.

Yau da safe ya shigo ya tarar Yaya ya kifa ta a kan benci, ya kifa ta fa, yana neman sa mata alama da hannun nan nasa mai rawa.

"Na ce Yaya, duk sauran naka ne, bar mini Inna. Ya ce sunansa ne ke tafiya da dutse, ni wa ya san ni? Na fizge ta, ya riƙe mini riga. Na juyo da ita a hannuna."

Ya dubi tafukan hannunsa. Ya ce da ya ga Yaya ba ya motsi, abin da ya fara yi shi ne wanke mata fuska, don jini ya ɓata ta. Daga baya tsoro ya kama shi, ya ce bari ya hargitsa rumfar a ce ɓarayi ne. Ya ɗaga ta farko zai maka da ƙasa, hannunsa ya ƙi. Ya san daren da ya kwana yana tunanin kowane hanci a cikinsu. Sai ya riƙa sauke su yana ajiyewa, yana ganin ai a warwatse suke, ba wanda zai lura.

Sufeto ya ji tausayinsa, ba zai ce bai ji ba. Amma akwai abin da ya tsaya masa a wuya tun safe.

"Kana zaune a ƙofar nan aka sa wa ɗan yayanka ankwa."

"Ina zaune."

"Da ban dawo ba fa? Gobe kotu za a kai shi."

"Tun safe nake cewa yanzu zan tashi," in ji Baffa. "Ban tashi ba."

Saja ya ciro ankwa. Da ƙyar ta zagaye wuyan hannun dattijon. Bai yi gardama ba, abu ɗaya kawai ya roƙa: duk inda za a ajiye ta, kada a kifa ta, kada kuma a ɗora mata komai a kai. Sufeto ya ɗauki dutsen da kansa, ya riƙe shi a cinya har ofis, motar na ta jijjiga shi.

Ana shirin tashi aiki aka buɗe wa Dogo sel. Ya fito yana ƙifta ido, uwar ta miƙe ta kama rigarsa mai jini da hannu biyu, sai a lokacin kukan ya zo mata. Suna tsaye a barandar aka wuce da Baffa. Dogo ya dubi ankwar, ya dubi fuskar mutumin da ya goya shi yana yaro.

"Baffa?"

Baffa bai ɗago kai ba. Uwar kuwa ba ta yi mamaki ba, ta dai ja ɗanta suka sauka daga barandar. Sufeto ya lura da hakan, ya kuma yanke wa kansa cewa ba zai rubuta shi a fayil ba.

Ɗakin kayan shaida cike yake da tarkace: adduna, tayoyi, wata tsohuwar talabijin. Ɗan sandan da ke kula da shi ya manna wa dutsen lamba a goshi, ya nuna wani lungu a ƙasa ya ce a jefa shi can. Sufeto ya ce ya dakata. Ya ɓare lambar ya mayar da ita ƙeya. Sannan ya taka zuwa ofishinsa, ya ɗauko ɗan matashin nan na kujerarsa, ya shimfiɗa a kan katakon sama, ya kwantar da tsohuwar a kai, ya ɗan karkata ta yadda ya ga an yi.

Ya koma ya zauna a kan kujerar ba matashi. Shayin safe na nan inda ya bar shi, ya yi sanyi, ƙuda ya faɗa ciki. Ya ture kofin gefe, ya jawo fayil ya soke sunan Dogo. Da ya zo layin da ake rubuta sana'ar wanda ake tuhuma, Saja ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce a sa lebura, ai shi da bakinsa ya ce shara yake yi.

Sufeto ya gyara zama, bayan na cizonsa, ya rubuta: mai sassaƙa.